Sakkwato zuwa Jidda a jirgi, nisan nawa ne?

Ɗan Mabera:
Salam 'yan uwa, don Allah daga Sakkwato zuwa Jidda kilomita nawa ne a jirgin sama kuma awa nawa aka yi? Inna ce za ta Umara, ƙafarta na kumbura in ta daɗe zaune shi yasa hankalina bai kwanta ba.

Malam na Gwiwa:
Wa alaikumus salam. In an miƙe kusan kilomita 3,700 ne, wajen awa 5 kenan daga filin jirgin Sultan Abubakar III, ta Nijar da Chadi da Sudan sai a tsallaka Bahar Maliya. Amma hwa tunda yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 aka rufe samaniyarsu jirage suka riƙa zagaye, lokacin ya ƙaru, to ka tambayi ejan ɗinku ta ina za a bi.

Maman Khairat:
Kuma ka tambaya ko kai tsaye ne, don Umara yawanci sai an tai Kano ko Abuja, wani jirgin ma sai ya sauka Alƙahira ko Addis Ababa an yi ta jira. Ka nema mata kujerar gefen hanya ta riƙa tashi tana takawa. Agogon Saudiyya ya wuce namu da awa 2.

Ɗan Mabera:
Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah shi saka da alheri. Gobe in sha Allahu zan leƙa ofishin ejan ɗin.