Bled ɗin bayan tarakta ya sake lanƙwashewa, ina mafita?

Ɗan_Ikorodu

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu harkar tarakta a taimaka min da shawara. Massey Ferguson 375 nake ja ta wani Alhajinmu, yawancin aikin baje ƙasa ne da gyaran hanyar cikin filaye daga Ikorodu zuwa wajajen Epe. Makon jiya ina baje jar ƙasa kawai sai na ji gau, tarakta ta tsaya cak har ƙirjina ya daki sitiyari. Na sauka na duba, kusurwar dama ta bled ta tanƙware baya, ramin da fin yake shiga ya yage ya koma kamar ƙwai. Da muka tona ashe tsohon ginshiƙin kankare ne da rodi a ciki, ƙasar da ta rufe shi ba ta fi kamu ɗaya ba. Wannan karo na biyu kenan, na farko kututturen kwakwar manja ne. Mai walda ya gyara amma yanzu gefe ɗaya ya fi cin ƙasa, Alhaji kuma ya fara yi min wani irin kallo. Abin da ido bai gani ba ta ina zan kauce masa?

Baban_Khalifa

Wa alaikumus salam. Sannu ƙanena, Allah ya ƙara kiyayewa, tunda ba ka faɗo ba a gode Allah. A wace giya kake lokacin? Don bugun da zai kai ƙirji ga sitiyari ba na mai tafiya a hankali ba ne.

Ka san ƙasar Legas ba irin ta gida ba ce inda gona gona ce tun kakanni. Nan fili da yawa fadama ce aka cike, kuma ba da yashi kaɗai ba, tifa take zuwa ta juye baraguzan ginin da aka rushe, bulo, guntun kankaren rufin bene, rodi, tsohuwar taya, sannan a watsa ƙasa a kai, damina biyu ciyawa ta rufe komai ka ga fili lumi kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Ni ba na sauke bled sai na taka wurin da ƙafata, ni da yarona, kowa da rodi mai tsini muna caka ƙasa. Inda ciyawa ta yi ja-ja alhali kewayenta kore shar, ko inda ƙasa ta ɗan yi tozo, nan za ka caka sosai. In rodi ya yi ƙara a kafa fegi a ɗaura jar leda. Kuma ka tambayi maigadin wurin ko birkila na maƙwabta, su suka san inda aka taɓa zuba fandisho da inda fayif ɗin ruwa ya bi, mai filin sau da yawa bai sani ba. Bikon na safiyo, wato alamar iyakar fili, kuwa kewaye shi za ka yi, in ka tumɓuke shi rigimar iyaka ta fi kuɗin bled.

Bakanike_Mushin

Maganar Baba gaskiya ce amma komai cakarka wata rana sai ka daki wani abu, to sai ka zaɓi abin da zai karye ranar. Bled da yawa ana sa musu kusa mai laushi a wurin juyi, aikinta kenan ta tsinke kafin ƙarfen jiki ya lanƙwashe. Mutanenmu in ta tsinke sau biyu sai su ce ba ta da kyau, a je a samo wadda ta fi ƙarfi. Duba kan kusar akwai lamba, 4.6 mai laushi ce, 8.8 ta fi ta ƙarfi, 10.9 ta fi duka. Ka sa 10.9 a wurin da aka yi don mai laushi, kusa ta tsira, firam ya tafi. Ramin nan naka da ya yage wlh ina zargin abin da ya faru kenan. In ka shigo kasuwar kayan gyara ta Ladipo nan Mushin sayi guda biyar irin ta asali ka jefa a akwatin sifana.

Sai libar ɗagawa da sauke bled. 375 tana da ta tsayi da ta nauyin ja, ta biyun tana jin nauyi ta sandar nan ta sama da ke haɗa bled da tarakta, in bled ya fara cijewa sai haidirolik ya ɗaga shi da kansa. Tana taimako a saiwa da tauri-taurin ƙasa, amma in da gudu ka zo kafin ta ɗaga aikin gama ya gama.

Waccan waldar kuma a kwance bled a ajiye a kan siminti mai lebur, za ka ga inda ya karkace da idonka.

Direba_Epe

Ni dabarata zagayen farko juya bled nake yi ya kalli baya, sai ya riƙa shafa ƙasa maimakon ya ci, in ya haɗu da kututture hawa kai yake ya wuce, ka ji shi a kujera ka sa alama. Kuma kar ka kuskura ka riƙa tura abu mai nauyi da ribas, hannuwan nan biyu na ƙasa da ke riƙe bled don ja aka yi su, na taɓa lanƙwasa ɗaya a haka.

Ɗan_Ikorodu

Na gode ƙwarai. Baba gaskiya a babbar giya nake, kuɗin aikin na jimla ne ba na awa ba kuma hadari ya haɗo ina son in gama. Oga Bakanike ka canka daidai, bayan karon kututturen mai walda ne ya yanko min guntun ƙarfen aksul ya ce wannan har abada ba zai karye ba, to bai karye ɗin ba, yana nan a aljihuna ko lanƙwasa bai yi ba. Asabar zan shigo Mushin in sha Allah, in zo da tsohon fin ɗin ne ko awon ramin ya isa?

Bakanike_Mushin

Ramin ai ya yage, awonsa ba zai yi ba. Zo da bled ɗin gaba ɗaya a fara cike shi a sake hudawa.