Ta yaya zan gano shekarar da aka buga wannan waƙar?

Assalamu alaikum. Ina bincike kan waƙoƙin Ingila da a zamanin da ake bugawa a fallen takarda ɗaya ana tallarsu a titi kan kwabo. Na samu hoton wata, babu shekara a jikinta. A ƙasa akwai sunan John Pitts, mai ɗab'i a unguwar Seven Dials, Landan, amma takardar ta yage daidai wajen adireshi. Da lambar gidan ta fito da na huta, don a 1819 ya tashi daga lamba 14 zuwa 6.

Na bi zanen samanta a kundin intanet na Bodleian, ɗakin karatu na Jami'ar Oxford, sai na tarar an yi ta liƙa shi a waƙoƙi daban-daban. Mako guda ke nan ina fama.

Shin siffar haruffan za ta iya nuna mini kafin 1819 aka buga ta ko bayan nan?