Tsutsa tana cinye mini kabeji a lambun gida, kuma feshi bai hana ta ba

Uwargida daga Tumfure:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san noman rani. A bayan gidanmu da ke Tumfure, nan Gombe, na dasa kabeji kusan tushe 40 a farkon Nuwamba, ina ba su ruwa da tiyo daga gindi. Tun mako na uku na fara ganin tabo a ganyen, kamar an kankare naman an bar fata shara-shara, daga baya kuma wurin ya huje. Da na juya ganyen sai na tarar da ƙananan tsutsotsi kore waɗanda da kaɗan suka fi ƙwayar shinkafa tsawo, kuma da zarar na taɓa ɗaya sai ta yi mutsu-mutsu da baya, ta saki ganyen ta rataye da zare irin na gizo-gizo. Maigida ya sayo maganin feshi mai sinadarin saifametirin, mun fesa har sau uku, amma sai ƙaruwa suke yi. Kabejin ya fara ƙunshewa, kuma 'ya'yana ne za su ci shi, wani lokaci ma ɗanye. Me ya kamata in yi?

Malamin gona, Gombe:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Bayaninki ya isa a gane ta. Uwar wannan tsutsa wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai launin toka, wanda yake tashi daga ganye idan an girgiza shuka. Mace ɗaya takan saka ƙwai fiye da 100, yawanci da dare, kuma a irin yanayinmu daga ƙwai zuwa sabuwar uwa bai wuce mako biyu zuwa uku ba. Saboda wannan saurin hayayyafa ne take saurin sabawa da guba. Tun a 1953 aka gano a tsibirin Jaba na Indunusiya cewa maganin DDT ya daina kashe ta. Abin da ya fi damuna da feshin da kuka yi shi ne, ya kashe gizo-gizo da ƙananan zanzaro masu saka ƙwai a jikin tsutsar, waɗanda su ne suke rage miki ita a kyauta, ita kuwa ya bar ta. Don Allah ku dakatar da shi.

Idan kin samu, ki nemi maganin da aka rubuta Bt a jikinsa, mai lambar NAFDAC. Wata ƙwayar halitta ce da ake samu a cikin ƙasa, sai tsutsa ta ci ganyen da aka fesa sannan ta lalata mata ciki, ta daina cin abinci cikin 'yan sa'o'i, ta mutu bayan kwana biyu ko uku, kuma ƙwayar ba ta cutar da mutum ko kaji. Hasken rana yana karya ƙarfinta, don haka da yamma ake fesawa, a kuma karkata bakin injin zuwa ƙarƙashin ganye.

Dattijo daga Dadin Kowa:

'Yata, abin da Malam ya faɗa gaskiya ne, sai dai wannan magani ba kowane shago ake samunsa ba, alhali dogon yaro yana ƙofar gidan kowa. Ki sa yara su tsinto 'ya'yansa da suka nuna suka zubo, a wanke naman jikinsu, a shanya a inuwa har su bushe. A fasa a fitar da ƙwayar, a daka rabin kilo a turmi, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana. Washegari a tace da ƙyalle mai laushi don kada ya toshe injin, a narka ɗan sabulu a ciki, domin ganyen kabeji yana da santsi, ruwa ba ya zama a kansa sai ya gangare. Bayan la'asar ake fesawa, a maimaita kowane mako, kuma ba a ajiye ragowar, sai a haɗa sabo. Kada ki sa ran ganin gawa a ƙasa da safe, domin aikinsa shi ne ya hana tsutsa ci da girma, ya kuma sa uwar ta ƙi wurin.

Amma tushe 40 ai ba gona ba ce, hannu ma ya isa. Da sassafe ki bi su ɗaya bayan ɗaya, ki ɗaga ganye, ki murje tsutsar da ƙwan, har da wanda ya naɗe kansa cikin farar saƙa. Sannan ki riƙa ba da ruwa ta sama da butar ban ruwa da yamma, gama mun daɗe da lura cewa da damina ba ta yin yawa kamar da rani, ruwa yana wanke ƙananan. Abu ɗaya nake jaddada miki: ki gama da ita kafin kan ya rufe, don idan ta shige ciki babu feshin da zai iske ta.

Wata 'yar'uwa daga Pantami:

Yaya, ni abin da ya cece ni bara tsohon gidan sauro ne. Na ɗinke hujojinsa, na kafa sanduna, na rufa shi a kan irin tun yana wurin reno, na danne gefen da ƙasa. Amma ke a yanzu sai kin tabbatar babu tsutsa ko ƙwai kafin ki rufe, in ba haka ba kin kulle ta da abincinta. Kuma ina roƙonki, duk wanda ya ce ki sa fiya-fiya a kan ganyen da za a ci, kada ki saurare shi.

Uwargida daga Tumfure:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau da safe na bi tushe 15 kawai, abin da na tsince ya kusa rufe gindin kofi, kuma mafi yawa a ƙananan ganyen tsakiya suke. Baba, shin ɗacin dogon yaron ba zai zauna a cikin kabejin ba?

Dattijo daga Dadin Kowa:

Ba zai zauna ba idan kin daina fesawa kamar mako guda kafin yanka, kika ɓare ganyen waje kika wanke sauran. Idan kin gama yanka kuma, ki tuge kututturen da ragowar ganyen ki binne, ko ki ba awaki, kada ki bar su a wurin suna toho, kuma zagaye na gaba ki sa albasa ko tattasai a wannan fili, kabejin ya koma wani gefen.