Na ƙona wa dattijo shadda, na ce "ga tallafi", ya yi fushi. Wace kalma ta dace?

Telan Fagge:
Assalamu alaikum. Ni tela ne a Fagge, shekarata 19 a kan keke. Ana saura kwana huɗu Babbar Sallah, wani dattijo da ya daɗe yana kawo mini ɗinki ya kawo farar shadda yadi biyar. Na gama kaftanin, ina cikin guga aka ɗauke wuta, na fita alwala ban zare dutsen ba. Ashe wuta ta dawo. Ko da na shigo, shatin dutsen gugar ya fito ja a ƙirjin rigar, daidai saman aljihu, kuma wurin har ya huje.

Bayan Isha'i na je ƙofar gidansa da kuɗi a ambulan. Na ce, "Baba, ga ɗan tallafi, a rage asara." Ya dubi ambulan ɗin, bai taɓa ba. Ya ce, "Tallafi? Roƙonka na yi?" Ya shige gida.

Yau kwana tara ban yi barcin kirki ba. Mutumin nan shi ya tsaya mini wajen mai shago lokacin da ba ni da kuɗin haya. Don Allah masana Hausa, me ya kamata in ce? Ni dai tallafi, agaji, gudummawa, diyya, rangwame, duk a kwando ɗaya nake zuba su, sai ranar na gane ba haka ba ne.

Malamar Zazzau:
Wa'alaikumus salam. Malam, kalmar ce ta juya maka magana. Tallafi daga tallafa yake, wato sa hannu a ƙarƙashin abin da zai faɗi, kamar yadda uwa ke tallafe kan jariri. Mai tallafi shi ne mai ƙarfi, kuma ba a binsa komai. Shi ya sa gwamnati ke son kalmar, ka tuna tallafin man fetur da aka cire ranar 29 ga Mayu, 2023. Agaji da ɗauki na gaggawa ne, gobara ko ambaliya. Gudummawa ta biki ce da suna, yau ka kai mini, gobe in kai maka. Duk waɗannan alheri ne, kai kuwa haƙƙi ne a wuyanka. Da ka ce tallafi, ka mayar da kanka mai kyauta, ka mayar da shi mabuƙaci.

Ni "a rage asara" ma ta fi damuna. Wannan maganar ɗan jaje ce, wanda ya zo daga waje bayan ɓarawo ya shiga gida. Ba ta dace da bakin wanda ya bar dutsen a kan riga ba. Cewa za ka yi, "Na yi maka ɓarna, na zo in biya."

Almajirin Maraɗi:
Malama ta yi daidai. Amma kada ka ce diyya, ta yi nauyi. Asalinta ta rai ce da rauni, raƙuma 100 ga ran da aka kashe bisa kuskure, ko da yake yanzu a rediyo har kuɗin gonar da hanya ta ci diyya ake ce masa. Kaffara kuma tsakaninka da Allah ce, kamar wanda ya karya azumin Ramadan da gangan, ya yi wata biyu a jere ko ya ciyar da miskinai 60. Naka sunansa lamuni, wato ɗaukar nauyin biyan abin da ya lalace a hannunka. A wurin malamanmu na Malikiyya, mai sana'a yana lamunin kayan da aka bar masa idan suka lalace a hannunsa, balle ga sakaci.

Inna Mai Koko:
Yarona, ku bar ta nahawu tukuna. Kuɗi ka fara miƙawa kafin haƙuri, nan ka yi kuskure. Ko mace ce ta yi yaji, miji ba ya zuwa biko yana kaɗa kuɗi, babba yake nema ya shige masa gaba. Ka samu wanda dattijon ke jin kunyarsa, ku je tare, ka durƙusa, ka faɗi laifinka da bakinka, kada ka ambaci masu wuta ko sau ɗaya. Kuma shadda za ka kai, irin tasa sak, ba ambulan ba. Rangwame da sassauci ba kai za ka nema ba. In ya ga dama ya ce ya yafe rabi, to shi ya yi maka sauƙi, sai ka yi godiya.

Telan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Inna, wallahi daren nan sai da na ce masa wuta ce ta dawo, yanzu na ji nauyin hakan. Na yi wa limamin masallacinmu bayani, ya ce ranar Alhamis bayan La'asar zai raka ni. Gobe da safe zan shiga Kantin Kwari da ƙyallen da ya rage, don a haɗa mini kala da zane. Abu ɗaya ya rage mini: awonsa yana littafina. In ɗinka in kai masa a goge, ko in kai yadin a naɗe, ya zaɓi telan da yake so?