Filin shaƙatawa a bakin Gulbi: Maradi na bukatarsa ko ɓarnar kuɗi ce?

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai a ganina lokaci ya yi da za a gyara bakin Gulbin Maradi ya zama filin shaƙatawa na kowa da kowa, a dasa itatuwa, a sa wuraren zama, a ware dandalin wasa. Gari kamar namu, cibiyar kasuwancin Nijar, ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo cike da matasa, amma ranar Salla ina mai iyali zai kai yaransa? Sai yawo bakin kwalta tsakanin kabu-kabu da adaidaita.

Baba Mai Lambu: Wa alaikumus salam. Ɗana, wane gulbi? Wanda ba ya kawo ruwa sai da damana? Daga kaka har faɗuwar ruwa rairayi ne zalla, kuma tun da anka gina madatsar Jibiya can Nijeriya abin da ke iso mu ya ragu. Ka tambayi manya dalilin da garin ga ya hau tudu. A 1945 ruwa ya ci tsohon gari cikin fadama, shi ya sa anka tashi. Yanzu ku ce a koma a zuba siminti inda kakanninmu sunka baro?

Hajiya ta Zariya: Baba, a yi mini afuwa, ina bayan yaron nan. Ku maza kuna da majalisa, kuna da fada, kuna da filin kokawa na Kantu. Mu fa? A watan Afirilu kwano ya ɗauki zafi, wuta ta ɗauke, yara na kuka cikin tsakar gidan da ko tabarma uku ba ta shimfiɗuwa. Ni ban damu da ganin ruwa ba. Inuwar mangwaron fadama nake so, da sanyin da ke tasowa can bayan la'asar. A sa makewayi mai tsabta, wurin salla, fitila da mai gadi, wallahi mata za su cika wurin.

Malamin Limanci: Hajiya, bukatarki gaskiya ce. Tsorona wanda zai riƙe wurin bayan magariba. Ku tuna Nuwamba 2000, garin nan ya hargitse kan bikin nuna tufafi na FIMA, alhali a Yamai ake yinsa. In ba a zauna da malamai da masu unguwanni da fadar Sarkin Katsinar Maradi tun farko ba, rigima za a gina.

Ɗan Bagalam: Allah ya gafarta Malam, a zauna da su mana. A rufe ƙofa da kiran magariba. Matasan da ake jin tsoro ai yanzu ma suna fadama, cikin duhu, ba mai ganinsu.

Yayan Sura: Ku bar wahalar da kanku. Ga tabkin Madarumfa nan, bai kai kilomita 30 ba, ruwa rani da damana, ga masunta, ga kaburburan waliyyai 99 da ake ziyara. Can ya kamata kuɗin su tafi.

Hajiya ta Zariya: Yaya, mai mota ke wannan magana. Uwa mai yara biyar jika nawa za ta kashe zuwa da dawowa?

Mai Aikin Gini: Maganar Baba kan ruwa ba ta da gyara, damanar 2024 ma mun ga gidajen da suka zube cikin gari. Amma filin bakin gulbi irin namu ba a yi masa bene. Abin da ruwa zai hau ya sauka bai ɓata ba ake sawa: itatuwa masu riƙe gaɓa, hanyar tsakuwa, dakali. Makewayi da rumfa su tsaya can sama bakin tudu. Aikin farko ma ba na ado ba ne. Ku je ku ga inda magudanan gari ke sauka, leda ce damƙam har ta naɗe saiwoyi, ga ramukan masu bulo da ruwa ke kwana ciki, sauro ya hayayyafa, yara su yi wanka su kwaso tsargiya. Sannan wa zai biya mai shara shekara da shekaru? Lokacin Maradi Kwalliya, shirin ƙawata gari don bikin ranar Jamhuriya a 2015, an samu kuɗin gini, na kulawa ne kullum ke wuyar samu.

Baba Mai Lambu: Duk kun yi magana, ba wanda ya ce ƙasar ta wa ce. Fadamar ga ba daji ba ce, gado ce, kowane taki da mai shi. Da asuba nike tada injin ban ruwa, kafin rana ta fito mata sun iso da buhunansu suna jiran a yanka musu zogala, ita ce za su dafa su sayar su ci da marayu. Wanga lambu shi ya aurar da ɗiyana.

Hajiya ta Zariya: Baba, zogalarka muke ci, wa zai so a tashe ka? A bar lambuna yadda suke, hanya ta bi gefensu, mu zauna inuwa mu sayi salati da mangwaro hannunku.

Baba Mai Lambu: To in haka ne a rubuta, a sa hannu gaban sarki da magajin gari cewa ba za a taɓa ko rijiya ɗaya ba, kuma a yi shinge saboda awaki da yara. In ban ga takardar ba, ban yarda ba.

Yayan Sura: Ni har yanzu Madarumfa nake gani.