Wa ke da ikon sa hannu a kwangilar ƙungiyar mazauna rukunin gidaje?

A tattaunawar da wasu mazauna rukunin gidaje a Abuja suka yi, yawanci sun ce a fara duba kundin tsarin ƙungiyar. Idan an yi mata rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni (CAC) ƙarƙashin dokar kamfanoni (CAMA) ta 2020, amintattunta, wato waɗanda aka yi rajistar da sunansu, su ne doka ta sani. Zama shugaba kaɗai bai isa ba, sai kwamitin ƙungiyar ya amince, an kuma rubuta a bayanan taro. Wasu sun fi son hannu biyu, na shugaba da sakatare, musamman a kwangilar masu gadi ko gyaran taransifoma. Manajan da aka ɗauka aiki kuwa, a rubuta masa iyakar kuɗin da zai kashe, domin a ganina nan rigima ta fi tashi.