Zan haɗa kwamfutata ta farko a Maradi, zafi da ƙura ne ke ba ni tsoro

Ɗalibi daga Ali Ɗan Sofo:
Assalamu alaikum manyanmu. Ina karatu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ina kuma ɗan taɓa zanen katin biki da haɗa bidiyo don samun na sabulu. Na tara jikka 250, ina son in haɗa kwamfutar tebur da hannuna. Ekran da kilabiye ina da su. Abin da na tsara saye: firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) Ryzen 5 5600G, kart mer (babban allon da ake dasa komai a kai) B450, RAM (ma'ajiyar wucin gadi) mai giga 16 sanda ɗaya, SSD (ma'ajiyar fayiloli) mai giga 512, da wani akwati mai gilashi gaba da gefe, da fitilu masu canza launi. Akwatin yana zuwa da alimantasiyonsa, wato abin da ke raba wa kayan ciki wuta, an rubuta 500W amma ba sunan kamfani a jiki. Ɗakina rufin kwano ne, ba kilim. Shin ba za ta dahu ba in bazara ta kama? Fanka nawa zan sa, ina za su kalla? Wayoyin nan kuma da nake gani cunkus a hoto, yaya ake yi da su? A taimaka mini don Allah.

Mai gyara a Sabon Gari:
Wa alaikumus salam ƙanena. Firosesan ka zaɓa daidai. 5600G tana da nata sashen hoto a ciki, ba sai ka sayi kart girafik (katin fitar da hoto) yanzu ba, wutar da take ci wat 65 ce, kuma sabuwa a kwali tana zuwa da fankarta. Ka dai lura da harafin G ɗin nan. In aka miƙo maka 5600 zalla, ba za ka ga komai a ekran ba sai da kart girafik.

Akwatin ne ban yarda da shi ba, da shi da alimantasiyonsa. Irin su ake kawo mini shago kusan kullum. Ka ɗaga alimantasiyon a hannu ka ji shi sakayau, ka buɗe ka tarar da 'yan kayan ciki ƙanana da wayoyi sirara, 500 ɗin nan a takarda kawai take. Ran da ya tashi mutuwa yana iya jan kart mer ko SSD su tafi tare. Nemi na kamfani sananne, irin su Corsair, Cooler Master ko Seasonic, mai tambarin 80 Plus Bronze, wat 450 zuwa 550 ya ishe ka har da ƙarin kart girafik matsakaici nan gaba. Kuɗin fitilun nan ka zuba su nan.

Gilashi a gaba kuma, a garin da watan Afrilu da Mayu zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, toshe wa kwamfuta hanci ne. Nemi akwati mai raga a gaba. Gilashin gefe ba ruwana da shi, in kana son kallo ka kalla.

Ɗan Bagalam:
Ni fa ban ga abin wahala ba. Tawa murfin gefe a cire yake, na kafa mata fankar tsaye tana hura ta, shike nan.

Mai gyara a Sabon Gari:
Ɗan Bagalam, bari hunturu ya shigo ka leƙa cikinta, ka zo ka ba mu labari. Zafi zai ɗan sauka, ban musa ba, amma duk ƙurar ɗakin kai tsaye kake aunawa cikin ƙarfen sanyaya firosesa. Ga ƙadangare da kyankyaso, ga yaro mai kofin ruwa.

Injiniya a Zariya 2:
Ƙanena, batun iska ba shi da wuya in ka riƙe hanyarta: ta shiga ta gaba, ta ratsa kan RAM da firosesa, ta fita ta baya. Fanka biyu masu milimita 120 a gaba suna jawowa, ɗaya a baya tana fitarwa. Da gangan na ce masu shigarwa su fi yawa. In iskar da ke shiga ta fi mai fita, rarar za ta riƙa fita ta kowace kafa ta akwatin, ƙura ba ta samun shiga sai ta gaba, inda ragar tacewa take. In ka juya lissafin, masu fitarwa suka rinjaya, akwatin zai riƙa zuƙo iska ta duk wani rami da ba tacewa, cikin wata guda na hazo ka ga ciki ya yi ja.

Gane fuskar fanka kuma: dubi gefen da ke da sanduna huɗu masu riƙe da injin, inda waya ke fitowa. Ta nan iska ke fita. Wasu suna da 'yar kibiya a jikin firam ɗin. In kana shakka, kunna ta ka kawo 'yar takarda kusa, za ka ga inda ta karkata.

Kada ka ajiye ta a ƙasa kan tabarma ko kafet. Ɗora ta kan tebur ko benci, ka bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakaninta da bango. Alimantasiyon in akwatin yana da raga a ƙasa, fankarsa ta kalli ƙasa don ya sha iskarsa daban.

Sannan ka sani, fanka ba ta sanyaya abu ƙasa da zafin ɗaki. In ɗakinka yana 40, kada ka tayar da hankali don ka ga firosesa a 50 da wani abu tana zaune, ko 80 tana fitar da bidiyo. Iyakarta 95 ce, can ne take rage gudu da kanta don ta tsira. Sa manhajar HWMonitor mai nuna zafi ka riƙa dubawa. Aiki mai nauyi ka bari sai dare ko da asuba.

Hajiya mai sabar kafe:
Ɗana, duk sun yi maganar iska, ba wanda ya taɓo kuran. Mu da muke da injuna a shago mun san abin da ɗaukewa da kawowar wuta ke yi. Ka cire kuɗin ondilar, akwatin batirin nan mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, tun kafin ka sayi komai. Ka duba wat ɗinsa, ba lambar VA kaɗai ba, don mai 650VA abin da yake ɗauka bai kai wat 400 ba. Ga irin haɗinka zai riƙe ka 'yan mintoci ka adana aiki ka kashe lafiya. Batirinsa kuma zafi na cinye shi da wuri, ka sa a ranka za ka riƙa canzawa. In hadari ya taso da walƙiya, zare filogi daga bango gaba ɗaya.

Ɗalibi daga Ali Ɗan Sofo:
Na gode Hajiya, na gode yayyena, Allah ya saka. Na fasa wancan akwatin. Saura batun wayoyi. Kuma wani ya ce mini B450 ba ta karɓar 5600G, gaskiya ne?

Wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano:
Tana karɓa, amma sai BIOS ɗinta, wato manhajar da ke cikin kart mer ɗin, sabo ne. B450 ta riga wannan firosesa fitowa, ita 5600G a 2021 ta shigo kasuwa. In a kasuwar Farm Centre ta Kano za a sayo maka, ka ce mai shago ya ɗora firosesan ya kunna a gaban ɗan aikenka, ya ga hoto ya fito, a ɗauko maka bidiyo. Mayar da kaya daga Maradi ta Ɗan Isa da Jibiya ba ƙaramin aiki ba ne. In kuɗi sun kai, A520 ko B550 sun fi kwanciyar hankali, su ma dai a gwada.

RAM ɗin ma ka canza: sanda biyu masu 8, DDR4 3200, maimakon ɗaya mai 16. Sashen hoton 5600G daga RAM yake ara, sanda biyu na buɗe mishi hanya biyu, bambancin a bayyane yake. In ramuka huɗu ne, yawanci na biyu da na huɗu daga firosesa ake sawa, littafin kart mer zai tabbatar maka. Ka kuma kunna XMP, saitin gudun RAM, a BIOS, in ba haka ba mai yiwuwa ba za ta yi gudun 3200 ɗin ba.

Mai gyara a Sabon Gari:
To ga wayoyi. Tun kafin ka ɗaure kart mer, ka zura wayar wutar firosesa mai fil 8 ta bayan farantin da kart mer ke zama a kai ta fito ta ramin sama na hagu. In ka bari sai ƙarshe, yatsunka ba za su shiga wurin ba, sai ka sake kwancewa. Ka karanta rubutun kanta da kyau: wadda ke rabuwa 4 da 4 ta firosesa ce, mai 6 da 2 ta kart girafik ce. In ta ƙi shiga kada ka danna da ƙarfi, ba gidanta ba ne.

Babbar mai fil 24 ma ta baya za ta bi, ta leƙo ta ramin da ke daidai bakinta. Duk wadda ba ka amfani da ita, naɗe ta ka tura ƙasa kusa da alimantasiyo. SSD ɗinka in M.2 ne, wanda ake sokewa kai tsaye a kart mer, ka huta, ba waya ko ɗaya. Maganar gaskiya, wayoyi a warwatse ba su cika ƙara zafi sosai ba, matsalarsu tara ƙura, hana ka sharewa, da faɗawa cikin fanka. Don haka kada ka ɓata yini kana neman kyan hoto. Kada kuma ka ɗaure komai sai ka kunna ka ga ta tashi. Bayan nan ka ɗaure da 'yan robobin ɗauri, ba tamau ba, ka yanke jelar.

'Yan ƙananan wayoyin maɓallin kunnawa su ne masu sa mutum zufa. Buɗe littafin, haska da fitilar waya, ka bi ɗaya bayan ɗaya. Na maɓalli ba ruwansu da juyi, na fitila ne ke da ƙari da ragi. Kafin duk wannan, tabbatar 'yan sukurorin da kart mer ke zama a kansu suna daidai ramukanta, ba rara ko ɗaya a ƙarƙashi.

Injiniya a Zariya 2:
Ƙari kaɗan. In lokacin hunturu za ka haɗa, iska a bushe take, jiki na tara wuta. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka ɗauki RAM ko firosesa, kuma ka yi aikin kan tebur, ba kan katifa ba. Filolin Ryzen ɗin nan a jikinta suke, ka daidaita alamar kusurwa uku da ta soket, ta zauna da kanta ba dannawa. Fankar da ke zuwa a kwalin firosesa tana da man zafi, wanda ke shiga tsakaninta da firosesa, a shafe, kada ka ƙara wani. Ragar gaba kuma ka cire ka kakkaɓe duk mako a lokacin hazo. In za ka busa ciki da abin busa iska, riƙe fankokin da yatsa kada su yi ta juyawa.

Ɗalibi daga Ali Ɗan Sofo:
Na rubuta duka. Na sake lissafi, da ondilar da alimantasiyo mai kyau kuɗin sun ɗan gaza, don haka zan jira kuɗin wani aikin biki ƙarshen wata. Yaya na Sabon Gari, in kayan sun iso zan iya kawowa shagonka in haɗa da kaina kana kallo?

Mai gyara a Sabon Gari:
Kawo, amma bayan la'asar, da safe shagon cike yake. Ka taho da littafin kart mer da filas mai giga 8 ko fiye, za mu sa Windows a ciki.